Kango da Kufai: Tarken Hotunan Birnin Detroit

Ɗalibin Hausa da ya ɗauki alƙalami zai yi tarken hoto, wajibi ne ya fara da kare kansa, domin lalle za a tambaye shi me ya haɗa kifi da kaska. Mu dai abin da malamanmu suka koya mana shi ne feɗe waƙa da zube da wasan kwaikwayo, mu fitar da jigo, mu duba zubi da tsari, mu auna salo. To, amma ni a ganina hoto ma magana ce. Mai hoto yana zaɓen abin da zai shigar da abin da zai bari a waje, kamar dai yadda mawaƙi yake zaɓen kalmomin da za su zauna a baitinsa. Wanda duk ya yi zaɓe kuwa, ana iya tsare shi a tambaye shi dalili. Saboda haka ina roƙon editocin wannan mujalla da masu karatu su ba ni aron fili, in gwada ma'aunin da muka saba da shi a kan wani abu da ba mu saba ɗorawa a kai ba.

Abin da zan yi magana a kai shi ne hotunan rusassun gine-gine na birnin Detroit da ke jihar Michigan ta ƙasar Amurka. Littattafai biyu ne suka fi shahara a wannan fage, kuma duka a 2010 aka buga su. Na farko shi ne The Ruins of Detroit, na wasu samari biyu Faransawa, Yves Marchand da Romain Meffre, waɗanda suka fara zuwa birnin a 2005, lokacin ƙaramin cikinsu yana ɗan shekara 18, watau bai ma kai yawancinmu ba. Na biyu shi ne Detroit Disassembled na Andrew Moore, Ba'amurke. Ko wanda bai taɓa riƙe littattafan ba, da wuya a ce bai ga hotunan ba, don kuwa mujallar Time ta buga wasu daga cikin na Faransawan tun 2009, daga nan suka bazu a intanet suna yawo daga waya zuwa waya, mafi yawa ba suna ba shekara.

Ga wanda bai san garin ba, Detroit ita ce uwar masana'antar mota ta Amurka. A unguwar Highland Park, wadda ƙaramar hukuma ce mai cin gashin kanta a tsakiyar birnin, Henry Ford ya kafa masana'antar da ta koya wa duniya harhaɗa mota a jere, kuma a 1914 ya sa albashin dala 5 a yini, abin da ya jawo mutane daga ko'ina. Baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar suka yi ta tururuwa zuwa can suna gudun wulaƙanci da talauci, kamar yadda namu suke tafiya cin rani, sai dai su ba su koma ba. A ƙidayar 1950 mutanen birnin sun kai 1,849,568. A ƙidayar 2010, shekarar da aka buga littattafan nan, sun koma 713,777, a 2020 kuma 639,111. A watan Yuli na 2013 hukumar birnin ta kai kanta kotu ta ce ta tsiyace, ana bin ta bashin kimanin dala miliyan dubu 18. Garin da aka gina don mutum kusan miliyan biyu, in kashi biyu cikin uku suka tashi, dole a sami gidaje da makarantu da masana'antu a wofi. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma masu hoton ba su ƙirƙire shi ba.

Inda nake da ja da su wani wuri ne dabam, kuma harshenmu ya fi na Turawa saurin nuna shi. Bahaushe yana da kalmomi biyu, kango da kufai, ba ya kuma rikita su. Kango gini ne da ba kowa a ciki, ko don masu shi sun tashi, ko don rufin ya faɗi, ko don ba a ma gama shi ba. Kango yana iya zama a tsakiyar gari mai cike da jama'a, maƙwabta suna zuba shara a ciki, awaki suna kwana, yara suna ɓuya. Kufai kuwa wuri ne da aka yi gari aka watse, ba wanda ya saura sai tsamiya da kuka da fasassun tukwane. Alƙalawa, birnin Gobirawa da aka ci a 1808, kufai ne. Surame ta Kanta kufai ce. Wanda ya je can ba zai tarar da mai gida ya ce masa sannu da zuwa ba. To, Detroit gari ne mai yawan kangaye, amma mutum fiye da dubu 700 suna kwana suna tashi a cikinsa a lokacin da ake ɗaukar hotunan nan. Abin da Marchand da Meffre suka yi, a taƙaice, shi ne sun ɗauki kangaye sun jera su ɗaya bayan ɗaya, shafi bayan shafi, har mai kallo ya ɗauka kufai yake gani. Kowane hoto shi kaɗai gaskiya ne. Jerin ne ya faɗi abin da ba haka yake ba. Duk ɗalibin da ya yi nazarin zubi da tsari ya san ana iya tara baitoci na gaskiya a gina waƙar ƙarya da su.

Kada mai karatu ya zaci ina raina gwanintarsu. Samarin nan sun iya aikinsu. Da babbar kyamara mai ƙafa uku suke aiki, irin wadda mai ita yake lulluɓa da baƙin ƙyalle, suna dogara da hasken da ya shigo ta taga ko ta ɓarakar rufi, suna barin idon kyamarar a buɗe na wani lokaci don ya sha haske. Abin da ke fitowa yana da ban mamaki: kana iya ƙirga ɓawon fentin da ya ɗaye daga bango, kana iya ganin ƙura a kan kujerar likitan haƙori a wani dogon bene da ake kira Broderick, kayan aikinsa suna nan kamar ya fita salla zai dawo. A zauren rawa na hotal ɗin Lee Plaza ga wata fiyano ta kife a gefe ɗaya, ga farar ƙurar sili ta rufe daɓe. Kusan kullum suna tsayawa a tsakiyar ɗaki ne, su daidaita dama da hagu, har wurin ya yi kwarjini irin na fada. Amma shi wannan salo yana da wani hali da ya kamata a lura da shi. Kyamarar da aka bar idonta a buɗe ba ta son abin da ke motsi. Mutum in ya gifta sai ya zama inuwa ko ya ɓace ɗungum. Ke nan tun daga kayan aikin an riga an fifita bango a kan ɗan Adam.

Bari in ɗauki hoto guda in tsaya a kansa, domin shi ne ya fi nuna abin da nake nufi. A tsohon ginin makarantar sakandare ta Cass Technical akwai wani agogon bango da zafin gobara ya narkar, fuskarsa ta lanƙwashe ta zubo kamar kakin zuma. Faransawan sun ɗauke shi, Moore ma ya ɗauke shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa masu hoton suna bin sawun juna ne zuwa wurare ƙwaya ɗaya. Duk Baturen da ya ga hoton sai ya tuna da zanen narkakkun agoguna na Salvador Dali, mutumin Sifen, wanda ya yi a 1931. Ma'anar a fili take, har ta yi yawa: lokaci ya tsaya a Detroit, ilmi ya mutu, yara sun watse. Da a waƙa ɗalibi ya kawo irin wannan alama, da malam ya ce ya cika gishiri. To, amma me ya faru da makarantar? A 2005 aka buɗe mata sabon gini a nan kusa da tsohon, ɗalibai da malamai suka kwashe suka koma. Watau a daidai lokacin da mai hoto yake durƙushe gaban narkakken agogo, da zai leƙa ta taga da ya hangi yara da jakunkunansu suna sauri kada su makara, a makarantar da take cikin mafiya suna a birnin. Tsohon ginin an rushe shi a 2011. Abin tambaya na gaske shi ne don me hukumar makarantu ta bar tebura da littattafai da kayan ɗakin gwaje-gwaje a tsohon gini suka lalace, a garin da yara suke ƙarancinsu. Wannan tambaya ce mai amsa, akwai kuma waɗanda za a yi wa ita. Agogon ya ɗauke hankalin mai kallo daga kanta, ya kai shi ga tunanin shuɗewar zamani, wanda ba a tuhumar kowa da shi.

Haka nan kuma hoton Moore da ya fi kowane shahara, na wani ofishi a hedkwatar Ford ta Highland Park, inda gansakuka ta rufe daɓen ɗakin kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Kyakkyawan hoto ne ƙwarai, ba na musu. Jigonsa shi ne daji yana karɓar abinsa, ɗan Adam ya gina, ƙasa ta cinye. Wannan jigo mu ba baƙonmu ba ne. Waƙoƙinmu na wa'azi cike suke da shi, suna tuna mana da sarakunan da suka gina birane suka bar su, don mu san duniya ba matabbata ba ce. A wurin wa'azi wannan daidai ne, domin mutuwa rigar kowa ce, ba wanda ya sa hannu a takarda ya kawo ta. Rufe masana'anta kuwa sai da wasu suka zauna a kan tebur suka yi lissafi suka sa hannu. Na'am, kome da ƙaddarar Allah yake faruwa, amma ba mu taɓa jin alƙali ya sallami ɓarawo don an ƙaddara satar ba.

Masanin tarihi Thomas Sugrue, a littafinsa The Origins of the Urban Crisis na 1996, ya nuna cewa tsakanin 1947 da 1963 Detroit ta yi asarar guraben aikin masana'anta kimanin 134,000, watau tun ana ganin garin yana kan ganiyarsa. Kamfanonin mota sun riƙa kwashe ayyuka zuwa bayan gari da wasu jihohi, inda ƙungiyoyin ƙwadago ba su da ƙarfi, suna kuma sa injuna a madadin mutane. Masana'antar Packard, wadda aka fara ginawa a 1903 kuma ta zama alƙiblar duk mai ɗaukar hoton kango, ta daina ƙera mota tun cikin shekarun 1950. Farar fata suka bi aiki suka koma bayan gari da harajinsu, baƙar fata kuwa aka tare musu hanya: bankuna ba sa ba da rancen gida a unguwanninsu, dillalai ba sa sayar musu a unguwannin Turawa. Unguwarsu ta Black Bottom hukuma ce ta rushe ta, aka kuma ratsa babbar hanyar mota ta tsakiyar kasuwancinsu. Tarzomar Yuli 1967, wadda mutum 43 suka mutu a cikinta, ta zo ne bayan bango ya riga ya tsage, ita ƙadangare ce kawai. Abin ban sha'awa, shi wannan Sugrue shi ya rubuta gabatarwar littafin Faransawan, kuma su ma sun sa bayani a ƙarƙashin hotunansu. Sai dai hoto yana da ƙafa, gabatarwa ba ta da ita. Mutum dubu nawa suka ga gansakukar, mutum nawa suka karanta Sugrue?

Akwai wurin da rashin mutane a hotunan nan ya wuce zancen salo ya zama zancen mutunci. A littafin Marchand da Meffre akwai hoton tsohon ofishin 'yan sanda na Highland Park, inda aka bar takardun bincike da ƙananan hotunan waɗanda aka taɓa kamawa a warwatse a kan tebur da ƙasa. Littafin da ya yi rowar fuskokin mutanen gari, da ya tashi nuna su sai ya nuna su a matsayin waɗanda ake tuhuma, a garin da a lokacin fiye da kashi 80 cikin 100 baƙaƙen fata ne. Mutanen nan suna da iyaye da 'ya'ya, watakila wasunsu kotu ta wanke su, ba kuma wanda ya nemi izninsu. Hukuma ta tozarta su da ta watsar da takardunsu, mai hoto ya zo ya ƙara da buga su a littafi mai tsada.

Wani abin ya fi wannan muni. Kusa da babbar tashar jirgin ƙasa akwai wani tsohon ɗakin ajiyar littattafai na makarantun gwamnati, wanda masu yawon kangaye suke so ƙwarai saboda itatuwa sun tsiro a cikin tarin ruɓaɓɓun littattafai. A watan Janairu na 2009 jaridar Detroit News ta ba da labarin gawar wani mutum da aka gani a ramin na'urar hawa bene a ginin, ruwa ya daskare a kansa, ƙafafunsa kaɗai suka fito daga ƙanƙara. An ga gawar kafin a sanar da hukuma, aka yi shiru, har sai da magana ta kai ga ɗan jarida. Ban ce masu littattafan nan suna da hannu a ciki ba, ba su da shi. Amma labarin ya nuna cewa kangayen da ake nuna mana a matsayin wofi akwai masu kwana a cikinsu, kuma idon da ya saba neman kyan ɓaraguzai yana iya tsallake mutum. Ba banza ba mutanen garin suka laƙaba wa irin wannan hoto sunan da in an mayar da shi Hausa zai zama batsar kango, watau kallon tsiraicin gari don jin daɗi, ba tare da sanin sunansa ba. Wani malami a jami'ar birnin, John Patrick Leary, ya rubuta maƙala mai zafi a kan haka a 2011.

Waɗanda suka yi Larabci a cikinmu za su ce ai tsayawa a kan kufai tsohuwar al'ada ce ta adabi, kuma gaskiyarsu. Mu'allaƙar Imru'ul Ƙaisi da haka ta buɗe, mawaƙi ya tsayar da abokan tafiyarsa a inda masoyiya ta taɓa zama don a yi kuka. Amma a duba yadda ya yi. Ya ambaci wuraren da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya san waɗanda suka zauna a nan, ya tuna ranar da suka ɗaura kaya, kukan kuma nasa ne domin shi aka bari. Kufan Balarabe yana da masu shi. Mai hoton da ya sauka daga jirgin sama ya yi mako biyu ya koma Faris ba a bar shi da kome ba, don haka abin da yake ji a gaban bangon sha'awa ce, ko da ya kira ta baƙin ciki. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Ban ce baƙo ba shi da ikon ɗaukar hoto ba, sau da yawa ma shi yake ganin abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani. Sai dai makaho mai hankali yakan nemi ɗan jagora.

Hoto guda a cikin tarin nan ya tsira daga duk abin da na faɗa, kuma shi ne na gidan silima na Michigan. An buɗe shi a 1926, da kujeru kimanin 4,000 da rufi mai ado kamar na fadar sarki. A 1977 aka fasa cikinsa aka mayar da shi wurin ajiye motoci. A hoton za ka ga motoci a jere a kan kankare, a samansu kuma ga ragowar adon rufin yana rataye. Ƙari a kan haka, a daidai wannan fili ne Henry Ford yake da ɗan shagon da ya harhaɗa motarsa ta farko a 1896. Mota ta fito daga nan, ta kawo kuɗin da aka gina silima, ta kwashe masu kallon zuwa bayan gari, sa'an nan ta dawo ta kwanta a inda kujerunsu suke. A nan ba a bukatar gansakuka ko narkakken agogo. Motocin na mutane ne da suka zo aiki da safe za su koma gida da yamma, don haka hoton ya yarda cewa garin da rai, kuma ya nuna mai laifin a tsaye a tsakiyar fili.

Akwai wani mai hoto da ya bi wata hanya dabam, Camilo José Vergara, haifaffen ƙasar Chile a 1944, wanda ya karanci ilmin zaman jama'a. Shi dabararsa ita ce ya tsaya a wuri guda ya ɗauki gini, ya dawo bayan shekara biyu ko biyar ya tsaya a daidai wurin ya sake ɗauka, haka har shekaru gommai. In ka jera hotunansa sai ka ga kanti ya zama coci, coci ya zama kango, kango ya zama fili, wani lokaci fili ya zama lambu. Hotunansa ba su kai na Faransawan kyau ba, wasu ma kamar na ma'aikacin safiyo suke. Amma suna da abin da nahawu yake kira lokaci: akwai shuɗaɗɗe, akwai mai ci, ana kuma jiran mai zuwa. Hoton Marchand da Meffre suna ne tsaye ba aikatau. Shi ma Vergara bai tsira ba, don a 1995 ya kawo shawarar a keɓe wasu dogayen benaye na tsakiyar birnin a bar su a tsaye a matsayin kangaye, su zama wurin yawon buɗe ido kamar kufan Girkawa na dā. Mutanen Detroit suka yi masa ca, kuma ina bayansu. Amma mutumin da ya yi shekaru yana dawowa ya ga abin da zai gyara masa tunani, har a 2016 ya fitar da littafi mai suna Detroit Is No Dry Bones, wanda sunansa kaɗai yake cewa garin bai zama busassun ƙasusuwa ba.

Lokaci kuwa ya goyi bayan dabararsa. Tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central, wadda aka buɗe a 1913, jirgi na ƙarshe ya bar ta a Janairu 1988, ta zama tambarin mutuwar birnin a kowace jarida ta duniya. A 2018 kamfanin Ford ya saye ta, a Yuni 2024 aka sake buɗe ta bayan gyara. Masana'antar Packard an fara rushe ta a 2022. Wannan bai nuna cewa talakan Detroit ya huta ba. A 2014 an yanke wa dubban gidaje ruwan famfo saboda bashi, har wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya suka je suka yi tir. Yanke ruwa dai ba ya yin kyau a hoto, shi ya sa ba a buga masa littafi mai bangon kwali ba. Su kuwa tsofaffin hotunan tashar, da fasassun tagoginta, har gobe ana tura su ba shekara a jiki.

'Yan'uwana ɗalibai za su ce me ya dame mu da Amurka. Abin da ya dame mu yana Kakuri. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara da saƙa akoko da audugar manomanmu. Wasu suka biyo baya, Nortex da Arewa Textiles da UNTL, har kudancin Kaduna ya zama gari na ma'aikatan masaƙa, Bahaushe da Tibi da Idoma da Bajju suna shiga ƙofa ɗaya in jiniya ta yi kuka. A nan Adams Oshiomhole ya fara harkar ƙwadago. Daga 1986, da aka karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadarin rini suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin mai ya yi wuya, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, ga kuma sakacin masu riƙon amana. A 2002 aka rufe Kaduna Textiles, mallakar jihohin Arewa 19, aka sallami ma'aikata ba tare da kuɗin sallamarsu ba. Yanzu kowannenmu yana da kyamara a aljihu, kuma na ga irin hotunan da ake ɗauka a can da Bompai da Sharaɗa a Kano: tsatsa, ciyawa ta fasa kankare, hasken yamma ta ɓarakar kwano. Salon Detroit ne tsaf, an kwafo shi har da rashin mutanen.

Wata malamar jami'ar Michigan, Elisha Renne, wadda ofishinta bai kai tafiyar awa guda a mota daga Detroit ba, ta zo Kaduna ta rubuta littafi mai suna Death and the Textile Industry in Nigeria. Ba daga injuna ta fara ba. Ta bi jerin sunayen ma'aikatan Kaduna Textiles da suka rasu suna jiran haƙƙinsu, wanda tsofaffin abokan aikinsu suka riƙa rubutawa, ta nemi matan da suka bari ta zauna da su ta ji yadda aka yi jana'iza da yadda aka ciyar da yara. Waɗannan mata da yawansu suna nan a unguwannin da ke kewaye da masaƙar. Ɗalibin da ya tsallaka katanga don ya ɗauki injin saƙa da yanar gizo-gizo a kansa, ta ƙofar gidajensu ya wuce kafin ya isa katangar, kuma a cikin wani akwati a ɗaya daga cikin ɗakunan nan akwai katin shaidar aiki, da lambar ma'aikaci, da hotonsa yana saurayi.